Chaos ba rikici ba ne

Wata ɗaliba daga Zariya ta ce: Malam mece ce ma'anar chaos, kuma wai "cawos" ake faɗa?

A'a 'yata, "keyos" ake cewa, ch ɗin irin ta chemistry ce domin daga Girkanci kalmar ta fito. A wajen Girkawan da, khaos wani wawakeken rami ne da ba komai a cikinsa, a tatsuniyoyinsu ma shi ne ya riga komai samuwa, daga baya Turawa suka ɗora ta a kan duk halin da tsari ya ɓace ba a san gaba ba ba a san baya ba. Har gas ɗin da kike girki da shi daga nan ya samo suna, wani masani mutumin Brussels van Helmont shi ya ƙirƙiro kalmar daga chaos a ƙarni na 17.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu fassara labarai a rediyo, da sun ga chaos sai su ce rikici, alhali rikici sai da ɓangare biyu da ke ja-in-ja, chaos kuwa ba sai an yi faɗa ba. Ki leƙa Kantin Kwari ana gobe sallah, mai baro na ihu a ba shi hanya, ɗan adaidaita ya kutso ta inda babu hanya, mata da ƙullin atamfa a ka, kowa tasa ta fisshe shi, babu wanda ya zagi wani amma babu tsari ko kaɗan, to wannan hargitsi ne ko yamutsi. In a cikin kai ne ruɗani, in ɗaki ne yara suka watsa kaya ki ce sun yi kaca-kaca da shi, in an fara jifa da ƙona taya ta zama tarzoma. Wallahi yana min ciwo mu bar duk wannan arzikin mu maƙale wa kalma ɗaya saboda gaggawa.

Wani daga Maraɗi ya ce hayaniya da hatsaniya ɗaya ne? A'a ɗan'uwa, hayaniya ta baki ce, hatsaniya kuwa an kusa ba hammata iska.

Sai mai tambayar ma'anar karin maganar nan "tashin hankali gobarar gemu". Ai wutar da ta kama gemu a fuskarka take, ba ka jiran a ɗebo ruwa daga rijiya, da hannunka za ka kashe ta nan take.