Ram ya sake ka, girawun bai karɓe ka ba: ni ma ta taɓa rutsawa da ni

Ƙanena, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ram (masu kula da wurin ajiye jirage a filin jirgin sama) ya tura ku sifot (wurin tsayawa a bakin iyakar ram) ya ce ku saurari girawun (masu ba jirage izinin tafiya a ƙasa), kun isa ba wanda ya kira ku, kyaftin ya ci gaba da gangarawa, aka daka muku tsawa a rediyo, yanzu kana son sanin inda ikon wannan ya ƙare na wancan ya fara. Abin da ya same ni ke nan sak, sai dai nawa ya fi naka muni.

Watana na huɗu ne a kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, a wani babban fili a Amurka, da dare, ƙanƙara ta rufe rabin zanen ƙasa. An tura mu baya, mun tada inji, mai ram ya zubo magana kamar ana korar sa: ku je sifot shida, ku saurari girawun. Na maimaita masa, na juya na gaya wa kyaftin daidai yadda aka ce. Na sunkuya ina sauya mitar rediyo, ina ɗagowa sai na ga hancinmu ya riga ya haye layi. Daga hagu ga wani ƙaton jirgi ya taho, fitilunsa sun cika mana gilashi fal. Na ga hancinsa ya dunƙusa saboda birkin da ya taka. Har yau in na rufe ido ina ganin wannan hasken. Mai girawun ya ce mu tsaya cak, sannan cikin sanyin murya ya ce in ɗauki biro, akwai lambar waya da za mu kira. Ka san abin da wannan ke nufi: ana zargin mun saɓa doka. Hannuna na rawa, sau biyu ina rubuta lambar ba daidai ba.

Amma ba wannan ya fi ƙona min rai ba. Kyaftin ɗin nan, wanda muka kwana uku muna cin abinci tare, har hoton jikokinsa ya nuna min, da muka zauna gaban cif failot, shugaban matuƙan kamfaninmu, sai ya ce ni na ce masa an ba mu izini. Ni! Ban taɓa furta kalmar ba. Ya faɗa yana kallon tebur, ko ɗago ido bai yi ba. Ni baƙo, sabon ɗauka, Turancina da karin harshen gida, shi kuwa shekara ashirin da wani abu a kamfani. Wa za a yarda da shi? Na yi sati biyu ba na barcin kirki, ko mahaifiyata ban gaya wa ba, kullum ta kira sai in ce lafiya lau. Naɗin rediyo ya nuna na maimaita umarnin daidai, shi ya rage min zafi, amma abin da aka faɗa a cikin kokfit ya zama maganata da tasa. Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Mun haɗu bayan shekara a ɗakin hutu, har da miƙo min hannu yana dariya. Allah ya isa dai ban ce ba, amma na kusa.

To, ga abin da na koya. Mu da muka taso a kan littafin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, akwai tarkon da ke jiran mu: a can, abin da ake kira filin motsi ya haɗa har da wurin ajiye jirage, amma a wajen FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, ram ba ya ciki. Kalma ɗaya, ma'ana biyu. Mai ram a Amurka galibi ma'aikacin kamfanin jirgi ne ko na masu filin, ba na FAA ba, don haka bakinsa ba ya haye da kai layin nan mai rawaya biyu, ɗaya miƙaƙƙe ɗaya tsinke-tsinke. Kana gefen miƙaƙƙen, kana ram. Gefen tsinke-tsinken na girawun ne, kuma sai shi ya ambaci sunan jirginka. In an ce monita, ka tsaya a sifot ka yi shiru ka jira. In an ce kontak, kai za ka kira. Ba ɗaya daga cikinsu da ke nufin wuce.

In jiran ya yi tsawo, kira shi kawai. Zai iya yi maka gatse, to sai me? Gatse ba ya shiga fayil ɗinka.

Kuma kada wani ya ce maka dokar ɗaya ce ko'ina. Kowane fili da yarjejeniyarsa, wani wurin ram ke riƙe da layukan tsakanin gine-gine, wani wurin ma ram ɗin yakan tashi aiki da dare. A Frankfurt da Munich masu filin ne ke kula da afron, wato ram ɗin, da mitarsu daban. Karanta shafukan kamfani da taswirar filin jirgin, wato 10-9, tun kana otal, ba sai ana tura ku baya ba. Ni har LiveATC, shafin intanet mai watsa maganar rediyon filayen jirage, nake buɗewa in saurari filin da zan je gobe, ina guga ina ji, don kunnena ya saba da saurin bakinsu.

Shigowa ma haka take, kai har ta fi ba ni tsoro. Girawun ya miƙa ka ga ram, get ɗinka, wurin da za ka ajiye jirgi, akwai wani jirgin a ciki, ko masu sandunan nuna wa jirgi hanya ba su fito ba, ka tsaya wutsiyarka na waje. Ka tuna filin jirgin JFK na New York a watan Afrilun 2011, da fiffiken A380 na Air France ya bugi wutsiyar ƙaramin CRJ na Comair ya juya shi kamar abin wasan yara. Shi ya sa nake kiran ram a rediyo na biyu da wuri, in kuma na maƙale a bakin layi sai in koma in gaya wa girawun cewa ban gama shigewa ba.

Ka cike rahoton ASRS, tsarin NASA na kai rahoton kurakurai a harkar jiragen sama, yau ɗin nan, kwana 10 kawai gare ka in kana son kariyarsa daga hukunci, ka cike na kamfani ma. Rubuta kalmomin da ka faɗa wa kyaftin ɗinka tun ba ka manta ba, da lokaci, da komai. Da na yi haka a daren, da ban zauna ina inda-inda gaban cif ba.

Sannan ƙafarka, ƙanena. Akwai birki a gefenka kai ma. Tun daga ranar, in muna dosar sifot kaina ba ya sunkuyawa, mita ta jira, kuma da ƙarfi nake cewa ba a ba mu izini ba tukuna. Sau ɗaya na taɓa taka wa wani kyaftin birki, ya harare ni, bai ƙara yi min magana ba har muka sauka. Ka gaya min, naka kyaftin ɗin me ya ce bayan kun kashe inji?