Amsar Baffa a kan kaset ɗin kiɗan noma

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka kwashe kaset ɗin kiɗan noman marigayi kakanku zuwa kwamfuta, za ka ɗora a manhajojin sauraron waƙa na Boomplay da Spotify, sai aka nemi wata lamba mai suna ISRC. Kana tambaya ko karɓarta na nufin waƙoƙin sun zama naka, kuma me al'ada ta ce.

Ba su zama naka ba. Lambar ta ɗaukar murya ce kawai, ba shaidar mallaka ba ce. A 1986 aka tsara ta, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, IFPI, mai hedikwata a Landan ke kula da ita. Haruffa da alƙaluma 12 ne: biyun farko yawanci na ƙasa, NG namu, uku na wanda ya yi rajista, biyu na shekarar da aka ba da lambar, ba shekarar da aka buga gangar ba, biyar na ƙarshe jerin ɗauka. In kamfanin rarrabawa na Amurka ne ya ba ka, kana iya ganin QM ko QZ a farko, kada ya dame ka. Da ita ake ƙirga sauraro, a san inda kuɗi zai nufa.

Ka tuna yadda kakanku yake yi a gayya. Waƙa ɗaya ce, amma yau a gonar wane, gobe a ta wane, kirari na sauyawa da wanda ya riƙe garma. Kowace ɗauka da lambarta. Ɗauka guda kuwa lambarta guda har abada, ko ka sauya kamfani. Ita waƙar kanta, baiti da kari, tana da tata daban, ISWC.

A nan ƙauyukan Ringim, ganga gadon gida ce, ba ta wanda kaset ya faɗo hannunsa ba. Akwai muryoyin 'yan amshi a ciki, biyu suna raye, kuma sun sha rana tare da kakanku. Haƙƙinsu ne a tambaye su, a yanka musu rabo. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wurin da ya yi wa wani rago zambo da sunansa. Jikokin mutumin maƙwabtanmu ne. A gona an yi dariya ya wuce, a intanet ba ya wucewa. In an yanke wurin bayan rajista, sai an sake lamba.

Saboda haka ka dakata. Ka zo bayan an gama girbi, ka riƙo goro, mu zauna da su da gwaggonninka a zaure a saurara tukuna.