Tambaya da Amsa: Shin Machynlleth garin Ingila ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a Aberystwyth, an ba mu aikin rubutu a kan garin Machynlleth. Ranar Laraba na je kasuwarsu, muna hira da wata dattijuwa mai sayar da zuma, sai na ce mata ƙananan garuruwan Ingila suna burge ni. Nan take fuskarta ta canja, ta miƙo mini canjina ba ta ƙara cewa uffan ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Me na faɗa? Kuma da gaske ne garin nan shi ne tsohon babban birnin Wales? Daga wata ɗaliba 'yar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki, ba zaginta kika yi ba. Tsohon gyambo kika fama ba da saninki ba, don Machynlleth a Wales yake, ba a Ingila ba.

Bari mu fara kawar da maganar babban birni. Wales ba ta da babban birni a hukumance sai 1955, da aka ayyana Cardiff. Kirarin da Machynlleth ke yi wa kansa ya samo asali ne daga 1404, shekarar da Owain Glyndŵr, jagoran 'yan Wales, ya tara majalisarsa a garin, shekara huɗu bayan ya ɗaga tutar tawaye ga Sarki Henry IV na Ingila. Wannan ba a musu a kai. Amma ginin dutsen nan na titin Maengwyn da ake kira gidan majalisar Glyndŵr, binciken katakonsa ya nuna an yi shi ne shekaru da dama bayan majalisar. Ki rubuta cewa a garin aka zauna, kada ki ce a cikin wannan ginin.

Kasuwar da kika shiga ta girme shi nesa ba kusa ba. A 1291 Sarki Edward I na Ingila ya ba Owen de la Pole, mai mulkin yankin Powys, izinin kafa kasuwar Laraba, kuma har yau ranar take ci. Hasumiyar agogon da ke tsakiyar gari an ɗora harsashinta a 1874 da kuɗin karo-karon jama'a, don murnar cikar ɗan gidan sarautar Londonderry shekara 21. Gidansu ne katafaren ginin da ake kira Plas da ke kudancin gari, wanda daga baya suka bai wa garin kyauta.

Yanzu ga inda nake son ki nutsu, don wannan kuskuren kusan kullum sai na ci karo da shi. Mutanenmu sun ɗauka duk tsibirin nan na Birtaniya Ingila ne, wasu ma Landan suke ce masa baki ɗaya. Ejan-ejan masu nemo wa yara gurbin karatu suna karɓar kuɗi masu kauri, su turo yarinya Wales ba su taɓa gaya mata cewa wata ƙasa ce mai harshenta da majalisarta ba, don su kansu ba su sani ba. Ga masu ɗaukar bidiyo, mutum ya tsaya a ƙarƙashin allon da aka rubuta da harsuna biyu yana cewa "ga mu a Ingila". Har na ji mai cewa Welsh, harshen mutanen Wales, wani karin Turanci ne na mutanen ƙauye. Wannan magana tana ƙona mini rai. Welsh daga dangin harsunan Celtic yake, 'yan'uwansa su ne Breton na Faransa da Cornish, kuma ana magana da tushensa a tsibirin tun kafin kakannin Ingilishi su ƙetaro teku. Mutumin Landan ba ya gane ko jimla ɗaya a ciki.

Me ya sa abin ya yi wa dattijuwar ciwo haka? Edward I ɗin nan da ya ba da izinin kasuwa, shi ne ya ci Wales da yaƙi a 1282 zuwa 1283. Dokokin da Sarki Henry VIII ya yi tsakanin 1535 da 1542 suka haɗe ƙasar da Ingila, suka ce da Turanci za a yi shari'a, kuma wanda ba ya jin Turanci ba zai riƙe muƙami ba. A 1847 gwamnati ta fitar da rahoto a kan ilimi a Wales wanda ya kwatanta harshen da abin da ke dakushe mutanensa, ya kuma ci mutuncin matansu. Har gobe suna kiran rahoton cin amana. A wasu makarantu na ƙarni na 19 akan rataya wa yaro ɗan katako a wuya idan an ji ya yi Welsh, wanda katakon ya ƙare a wuyansa a tashi shi ke shan bulala. Ke da kika yi makarantar da ake rubuta sunan mai yin Hausa a aji, ba sai an fassara miki wannan ba.

Duk da haka harshen bai mutu ba. Ƙidayar 2021 ta sami mutum kusan 538,000 masu jin sa, tun 1999 suna da majalisarsu a Cardiff, a 2011 kuma doka ta ba harshen matsayin hukuma. A Machynlleth, gari mai mutum dubu biyu da 'yan kai, kusan rabinsu da shi suke magana. To ki duba, a garin da Glyndŵr ya zauna, ki ce wa tsohuwa tana Ingila. Kamar a ce wa Bazazzagi Zariya unguwa ce a Kano.

Haɗarin kuma bai tsaya ga ɓacin ran mai zuma ba. Ɗalibin da ya rubuta haka a takardarsa ya zubar da makinsa. Wadda za ta nemi aikin kula da tsofaffi a yankin za ta tarar da waɗanda rikicewar tsufa ta mayar da su harshen da suka sha a nono, kuma dokokin lafiya da na ilimi a Wales ba lallai su zo ɗaya da na Ingila ba, tunda gwamnatin Cardiff ke tsara nata. Wanda ya shigo da tunanin duk ɗaya ne zai yi ta karo da bango bai san dalili ba.

Don aikinki, kada ki tsaya a cikin gari. Ki je Pennal, ɗan ƙauye ne yamma da Machynlleth, tafiyar 'yan mintoci a mota. Daga can ne a 1406 Glyndŵr ya aika wa Sarki Charles VI na Faransa wasiƙa, yana neman cocin Wales ya tsaya da ƙafarsa, a kuma kafa jami'o'i biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Asalin wasiƙar na ajiye a Paris. Wannan ita ce hujjar da za ki gina rubutunki a kai, ba kirarin babban birni ba.

Laraba mai zuwa kuma ki koma rumfar baiwar Allah nan. Ki ce mata "bore da", wato ina kwana, in ta ba ki zuma ki ce "diolch", na gode. Ki gaya mata kin yi kuskure rannan, sannan ki roƙe ta ta koya miki yadda ake furta sunan garin, don wannan "ll" ɗin ba a koyonsa a takarda.