Bayan aikin canjin gwiwa ko ƙugu, a sa ido kan zuciyar tsoho

Wata 'yar'uwa daga Mabera: Likita, Babanmu shekararsa 74, yana da hawan jini, an ce a canza masa gwiwa. Zuciyarsa za ta ɗauka?

Hajiya, yawancin dattawa suna ɗauka, su tashi lafiya. Amma kafin a sa rana, a kai shi wurin likitan zuciya, akwai su a UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A yi masa ECG, wato gwajin yadda zuciya ke harbawa, a auna yawan jininsa, suga da ƙoda. Ku tafi da duk magungunansa a leda, har na gargajiya. Idan ya taɓa samun bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, ana jinkirta aikin har a cika aƙalla kwana 60 da faruwarsa.

Wani bawan Allah daga Arkilla: Kwana biyar da yi wa Inna aikin ƙugu, sai haki da gumi, tana ta rikicewa, amma ta ce ƙirjinta ba ya ciwo.

Malam, don Allah ku mayar da ita asibiti yau, kada ku jira ranar da aka ba ku. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Makonni biyun farko bayan aiki su ne lokacin da bugun zuciya ya fi afkawa tsofaffi, saboda an zubar da jini, jiki ya jigata, zuciya na aiki fiye da ƙarfinta. Sau da yawa kuma ba ya zuwa da ciwon ƙirji, maganin rage zafi yana ɓoye shi, balle ga mai ciwon suga. Sai gwajin jini na troponin, mai nuna ko zuciya ta samu rauni, ya tona. Hakin nan yana iya zama kuma jini ne ya daskare a ƙafa, gudansa ya tafi huhu. Mu kan ce "gajiya ce" ko "tsufa ne", alhali mai jinyar da ya kwana kusa da ita shi ne zai fara ganin canji, kafin likita.

Daga Wamakko: Mun dawo daga Indiya bayan an yi aikin, ciwon ya lafa. A daina maganin tsinka jini?

A'a. Bayan aikin ƙugu akan sha shi har kwana 35, doguwar tafiyar jirgi ma ta ƙara haɗarin. Majinyacin ya riƙa takawa a tsakar gida, ya yawaita shan ruwa a zafin nan namu, sai in likita ya taƙaita masa. Kada ku sayo masa maganin rage zafi irin su diclofenac ko ibuprofen a kemis ba da sanin likita ba. Suna tayar da hawan jini, haɗuwarsu da maganin tsinka jini kuma na iya jawo zubar jini a ciki.