Lissafi ya ce om 885, mita ta ce om 62: wanne ne daidai?

Tambaya: Ina koyon aikin lantarki ne. Na kunna kwan fitila irin na da, mai siririn zare a ciki, na auna na samu ƙarfin turin wutar bolt 230, wutar da ke gudana kuma amfiya 0.26. Yaya zan fitar da turjiyar kwan, wato yadda yake tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om, da ƙarfin da yake ci daga waɗannan alƙaluma biyu? Kuma da na cire kwan na ɗora masa mita, sai ta nuna om 62 kacal. Shin mitar ce ta lalace?

Amsa: Malam, mitarka lafiyarta ƙalau, kuma saɓanin da ka gani ya fi lissafin kansa muhimmanci, amma bari mu fara da lissafin.

Ƙa'idar da ake aiki da ita a nan ita ce wadda Bajamushen masani Georg Ohm ya wallafa a shekarar 1827, wadda ta ce ƙarfin turi daidai yake da wutar da ke gudana sau turjiya. A rubuce V = I × R ke nan, inda V ke wakiltar bolt, I amfiya, R kuma om. Tunda turjiya kake nema, sai ka raba V da I. Idan aka raba 230 da 0.26 za a samu kusan om 885.

Ƙarfin da kwan yake ci, wanda ake aunawa da wat don tunawa da injiniya James Watt, shi ne bolt sau amfiya, wato P = V × I. Saboda haka 230 sau 0.26 ya ba da 59.8, kuma idan ka duba jikin kwan ina kyautata zaton wat 60 za ka gani a rubuce. Abin lura guda shi ne dole alƙaluman su kasance a ma'auninsu na asali kafin a fara lissafi. Idan mita ta nuna miliamfiya 260, sai an mayar da shi amfiya 0.26, domin wanda ya manta da wannan zai samu amsar da ta kauce har ninki dubu.

To daga ina om 62 ya fito? Zaren da ke cikin irin wannan kwan da ƙarfen tungsten ake yin sa, kuma turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa gwargwadon zafinsa. Lokacin da ka ɗora mita, zaren a sanyaye yake. Lokacin da kwan yake haske kuwa, zafin zaren ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, turjiyarsa kuma ta ninka fiye da sau goma. Ashe om 62 turjiyar zaren ce yana sanyi, om 885 kuma turjiyarsa ce yana bakin aiki, kuma duka biyun gaskiya ne. Ina so ka riƙe wannan da kyau, domin masu koyo da yawa suna ɗauka cewa turjiya adadi ne da ba ya sauyawa, alhali raba bolt da amfiya yana ba ka turjiyar abu ne a halin da yake ciki lokacin da ka auna.

Gwada raba 230 da 62, za ka samu kimanin amfiya 3.7. Wannan ita ce wutar da za ta iya kwararowa cikin zaren a ƙiftawar farko da aka kunna shi, kafin ya yi zafi ta sauko zuwa 0.26. Shi ya sa irin waɗannan ƙwayayen fitila suka fi ƙonewa a daidai lokacin da aka danna makunni.

Idan ka haɗa ƙa'idojin biyu za ka samu wasu hanyoyin fitar da wat, wato P = I × I × R, ko kuma V × V a raba da R. Ta biyun tana bayyana abin da yake ba mutane mamaki. Ɗauki hita mai turjiyar om 46, wadda wayarta ta nikurom ce, ƙarfen da turjiyarsa ba ta sauyawa sosai da zafi. A kan bolt 230 za ta ja amfiya 5, ta ci wat 1,150. Idan wutar ta sauka da kashi 10 cikin ɗari zuwa bolt 207, za ta ja amfiya 4.5, ƙarfinta kuma ya koma kusan wat 932, raguwar kashi 19 cikin ɗari ke nan, saboda bolt da amfiya sun ragu tare.

Wannan lissafi yana aiki kai tsaye a kan wutar batir, da kuma kayan da aikinsu dumama waya ne, kamar dutsen guga da hita da kwan zare. Kayan da ke da inji mai juyawa a ciki, irin su fanka da firji, idan suna kan wutar gida mai kaiwa da komowa, bolt sau amfiya yakan ba da adadin da ya fi ainihin wat ɗin da suke ci, shi ya sa ake rubuta wannan adadi da VA, wato bolt-amfiya, maimakon wat. Haka kuma kwan LED ba ya bin ƙa'idar Ohm a miƙe.

Ka yi daidai da ka cire kwan kafin ka auna turjiyarsa. Kada ka taɓa ɗora mita a ma'aunin om a kan layin da ke da wuta, kuma idan amfiya za ka auna, a jere ake saka mitar cikin layin. Idan aka gitta ta tsakanin wayoyi biyu kamar yadda ake auna bolt, fiyus ɗinta zai ƙone, kuma mai riƙe da ita yana iya jin rauni.