Camry ko ƙaramar Marsandi: wa zai iya magana da kwamfutarta a garinku?

Tambayoyin wannan mako kusan duk a kan mota suka zo, kuma duk da filin na kwamfuta ne, ban mayar da ko ɗaya ba, domin rabin matsalar motar yau ta kwamfuta ce. Ta farko ta fi cin wuri, don a kanta mutum ke shirin zuba gumin shekaru.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Tumfure, Gombe. An nuna mini motoci biyu 'yan Beljiyam, kuɗinsu ya yi kusa da juna: Toyota Camry ta 2014 da Mercedes-Benz C300 ta 2012. Ina da mata da yara huɗu, kuma kusan kowane wata nakan je Bauchi gaida mahaifiyata. Abokaina sun ce Marsandi, makanikena kuma ya ce kwamfuta ta yi mata yawa. Me yake nufi, kuma wacce zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Makanikenka gaskiya ya faɗa, taƙaitawa kawai ya yi. Ita ma Camry tana da kwamfutoci: ta inji, wadda makanikai ke kira birenbos, da ta birki, da ta jakar iskar da ke buɗewa lokacin haɗari. Duk suna hira da juna ta wayoyi biyu murɗaɗɗu, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a shekarun 1980. A Marsandi sun fi yawa, sun kuma fi ɗaurewa da juna. Samfurin da aka nuna maka sunansa W204, an yi shi daga 2007 zuwa 2014. Yana da akwatuna biyu masu suna SAM, ɗaya a gaba ɗaya a baya, su ke raba wuta da umarni ga fitilu, waifa, hon da makamantansu. Ruwa ya shiga ɗaya, ko mai wayarin ya haɗa waya a inda bai dace ba, sai abubuwan da ba su haɗa hanya ba su rikice tare: fitila ta ƙi mutuwa, batir ya kwana da ƙarfinsa ya wayi gari ba komai.

Akwai kuma ciwon da aka san W204 da shi, wato makullin sitiyari na lantarki. In ka sa makulli, sai ya gaisa da kwamfutar da ke karɓarsa, ita kuma ta umarci wani ɗan ƙaramin inji ya saki sitiyari, sannan a ba babban inji izinin tashi. Ranar da wannan ɗan injin ya gaji, mota ta tsaya ke nan, ko da batirinta sabo ne, tankinta cike. Gyaran ba na sifana ba ne, sai mai kwamfutar da ta san harshen motar. Ka ɗauka abin ya same ka a Alkaleri da la'asar, da iyali a baya.

Abin da zai raba maka gardama ke nan. Toyota tana da manhajar bincike mai suna Techstream, Marsandi tana da XENTRY. Kusan kowace na'urar bincike ta tsaka-tsaki tana karanta Camry yadda ya kamata, kuma da wuya ka shiga gareji a Gombe ko Bauchi ka rasa wanda ya taɓa kwance irinta. Marsandi kuwa tana son nata kayan da nata gwani. Don haka kafin ka biya ko sisi, je garejin da kake sa ran kai ta, ka tambayi mai shi ko yana da na'urar da ke shiga duk kwamfutocin W204, ka kuma ce ya jona a gabanka. In ya fara kame-kame, ka samu amsa. Na ga wani ɗan'uwana da motarsa ta yi mako uku a ajiye saboda mai saka masa na'urar bibiya ya yanke wayar da bai sani ba. An sauya abu uku masu lafiya kafin a gano bakin zaren, kuma kowanne sai da aka jira shi daga Kano ko Legas.

Sauran lissafin a fili yake. Tsawon Camry ya kai kusan mita 4.8, W204 kuwa kusan 4.6. Marsandi da tayoyin baya take ja, wasu kuma da duka huɗun, shi ya sa akwai wani tudu a tsakiyar ƙasan kujerar baya, wanda ya zauna nan sai ya raba ƙafa. Ga mai yara da yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Injin C300 ta 2012 mai silinda shida ne, lita 3.0, kuma kamfanin ya rubuta a ba shi fetur mai daraja ta sama, mu kuwa a gidajen manmu iri ɗaya ake sayarwa. Camry ɗin da aka fi shigowa da ita mai silinda huɗu ce, lita 2.5, da fetur na gama-gari aka tsara ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san zafin wannan bambanci. Juyen baƙin mai ma haka: Marsandi na shan lita 7 zuwa 8 na mai tsada, Camry ba ta kai lita 5 ba.

Ba zan tauye wa Marsandi haƙƙinta ba. A kan buɗaɗɗiyar hanya tana zama daram, birkinta na kamawa, ko rufe ƙofarta ka yi za ka ji nauyin aiki. Wanda yake da wata motar a gida, da kuɗin gyara a gefe, da gwanin da ya yarda da shi, ya saya ya more. Amma kai mota ɗaya za ka riƙe, ita ce ta makarantar yara, ita ce ta asibiti da tsakar dare. Ɗauki Camry. Abokan da ke zuga ka ba su za su biya kuɗin SAM ba.

Sai dai ita ma ka gwada ta da kyau. Camry ta 2012 zuwa 2014 an san wasunsu da wata 'yar karkarwa daga giya idan ana tafiya a hankali tsakanin kilomita 40 da 80 a awa, kamar ka hau kan tsakuwa. Toyota da kanta ta fitar da gyaran manhaja a kan haka, waɗanda abin ya yi nisa kuma aka sauya musu wani ɓangare na giyar. Ka tuƙa ta a wannan gudun, ƙafarka sama-sama a kan totur, ka saurara.

TAMBAYA: Malam, ina Fadaman Mada a Bauchi. Maigidana ya saya mini C300 ta 2013. Wayata na haɗuwa da ita don kira, amma taswira da WhatsApp ba sa fitowa a allon kamar na motar ƙanwata. Saiti ne ban iya ba?

AMSA: Hajiya, ba daga wajenki ba ne. Abin da kika gani a motar ƙanwarki ko dai Apple CarPlay ne ko Android Auto. Na farko ya fito a 2014, na biyu a 2015, motarki ta girme su duka. Ita kanta Camry sai a samfurin 2019 ta samu CarPlay, Android Auto kuma a na 2020.

Mafita biyu ce. Mai sauƙi ita ce ki sayi mariƙin waya mai kyau da caja, ki bar allon yadda yake. Ɗayar kuma a saka miki allon Android wanda aka ƙera don W204 takamaimai, mai zuwa da soket ɗinsa, a cire a jona ba tare da an yanke waya ko ɗaya ba. Ki riƙe wannan sharaɗin da ƙarfi. In mai aikin ya fito da reza da salatif, ki ce ya dakata. Idan kuma sifikun motar na kamfanin Harman Kardon ne, sautinsu ta wayar haske yake bi, dole allon ya zama wanda ya dace da wannan tsari, in ba haka ba za a gama aiki a kunna a ji shiru. Ki nemi mai ma'adanar aiki ta gigabait 4 ko sama, don masu 2 sukan yi nauyi, balle in sun sha ranar Afrilu.

TAMBAYA: Yaya, daga Azare nake. Na ga wata 'yar na'ura da ake jona wa mota ta haɗu da waya ta Bluetooth. Za ta taimaka mini wajen duba mota kafin in saya, ko ɓarnar kuɗi ce?

AMSA: Ƙanena, saya, tana da amfani in ka san iyakarta. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunansa OBD2. Na'urar da ka gani, yawanci ELM327 ake rubuta mata, nan ake jona ta, sai ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Za ta nuna maka lambobin laifin inji. P0300 na nufin wuta na tsallake a silinda, P0171 iska ta fi mai yawa, P0420 kuma galibi yana nuna matatar hayaƙin salansa, wadda ake kira indomi, ta lalace ko an cire ta an sayar.

Ga abin da ya fi lambobin muhimmanci. Mai sayarwa zai iya goge laifi minti biyar kafin ka iso, fitilar gargaɗi ta mutu. Amma gogewar tana mayar da gwaje-gwajen da kwamfutar inji ke yi wa kanta zuwa farko, kuma ba sa cika sai an yi tafiya mai ɗan nisa. Ka shiga shafin da ke nuna shirin gwaje-gwajen. In ka ga da yawansu ba su kammala ba, to ko an goge ne, ko an cire batir kwanan nan. Ka ce a yi yawo da motar sosai, ka sake dubawa.

Iyakarta ita ce inji kawai take gani sosai. A Camry wannan ya ɗauke maka kaso mai yawa na damuwa. A Marsandi kuwa SAM, giya da makullin sitiyari duk suna bayan ƙofar da ba ta da mabuɗinta, sai ka biya mai babbar na'ura. Kada ka manta da lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba. Da ita ake neman tarihin motar a shafin intanet na Carfax, a ga ko ta yi haɗari, ko ambaliya ta cinye ta, ko an mayar da mitar tafiyarta baya. Motar da ta sha ruwa, musamman Marsandi, ko kyauta aka ba ka ka yi tunani. Ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa. Kuma ka cire na'urar in ka gama, don masu arha sukan tsotse batir.

TAMBAYA: Daga Kaltungo. Rediyon motata na tsallake wasu tashoshin FM da nake kamawa a waya. Ta lalace ne?

AMSA: Lafiyarta ƙalau, Malam. Rediyon motar Amurka tana tsayawa ne a lambobin da suka ƙare da mara kawai, kamar 97.3 da 97.5. Tashar da ta ƙare da cika, sai ta wuce ta ko ta kama ta da shashshaka. Wasu rediyoyin ana iya sauya musu yanki a saiti, wasu sai an canza su.

TAMBAYA: Malam, ina Jekadafari. Na samu C300 ta 2016 a farashi mai kyau, amma makulli ɗaya gare ta. In saya?

AMSA: Alhaji, tsaya tukuna. Ta 2016 samfurin W205 ce, tsarin tsaron makullinta FBS4 ake kiransa, kuma masu yanka makulli na kasuwa galibi ba sa iya yi masa na biyu, sai ta hannun dilan kamfanin, da takardun mallaka, da jira, da kuɗi mai kauri. Tsohuwar W204 ana iya yi mata a wajen ƙwararru, Camry kuwa ta fi su sauƙi nesa ba kusa ba. Ka fara tambayo nawa makulli na biyu zai ci da kwana nawa zai ɗauka, ka sa a rage maka wannan kuɗin daga farashin, ka kuma yi odarsa a makon da ka karɓi motar, tun na farkon yana hannunka.