Ketamin da Ciwon Damuwa Mai Taurin Kai

Tambaya: Likita, ƙanwata ta sha magungunan ciwon damuwa iri biyu ba sauƙi. Ko ketamin zai taimake ta?

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, 'yar'uwa. Asalin ketamin maganin gusar da hankali ne lokacin tiyata, amma ƙaramin awo nasa yana rage damuwa cikin sa'o'i ko kwanaki, alhali magungunan da aka saba sai sun ɗauki makonni. A 2019 Amurka ta amince da Spravato, wani nau'in ketamin da ake fesawa a hanci, sai dai yana ɗaga hawan jini, don haka ake lura da majiyyaci aƙalla sa'o'i 2 a asibiti. Ina roƙonki kada ta sha da kanta, domin yawan shansa yana lalata mafitsara.